Sabulun da Bai Huta Ba

Ranar da Zakari ya fara ganin Husaina, ko fuskarta bai gani ba. Ta ɗaure hanci da baki da ƙyalle, ta sa safar roba har gwiwar hannu, tana juya wani abu cikin bokiti a rumfar da ke bayan zaurensu, a unguwar Birni ta Damagaram. Shi ɗan kabu-kabu ne, an turo shi ya ɗauki kwali ya kai tasha.

"Tsaya nan, malam! Kada ka matso. Soda ce, tana cin fata."

"To ke me ya sa ba ta cin ki?"

"Ni na san halinta."

Idanunta kaɗai ya gani, kuma sun ishe shi.

Sabulu take yi da man aduwa da man kaɗanya da zuma, da man shafawa, da dilka. Ta ɗauki hoto ta sa a WhatsApp, mata su yi ta turo saƙo daga Maraɗi da Agadas da Yamai. Zakari ya zama mai kai mata kaya tasha. Daga kai kaya aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka koma abin da kowa ya sani.

"Mai ƙamshina, yau babur ɗina na ƙamshin zuma. Wata tsohuwa ta hau, ta ce ko ango ne ni. Na ce ta yi min addu'a."

"Allah Ya shirye ka, ɗan kabu-kabuna. Ka riƙa kallon hanya."

Mahaifinta, Malam Adam, ya bincika ya ji yaron na salla, ba ya shaye-shaye, ya ce ya turo manyansa. Cikas ɗin daga Droum ya zo, garin su Zakari. Mahaifiyarsa, Iya Kolo, ta ce ba ta yarda da yarinyar da ke haɗe-haɗe cikin kwalabe tana sayar wa mutanen da ba ta taɓa gani ba. Ta ce irin waɗannan su ne ke wanke wa namiji hankali da sabulu.

Wata Juma'a da hantsi Zakari ya zo zai wuce Droum. Ya tarar da sabon sabulu jere a kan katako, an yanka shi jiya-jiya, launin zuma, ƙamshi ya cika rumfar.

"Ba ni biyu in kai wa Iya. In ta ji wannan ƙamshi, magana ta ƙare."

"A'a. Bai huta ba. Sodar cikinsa na da rai, sai ya yi sama da wata a kan katakon nan kafin ta mutu. Wannan zubin ma ina shakkarsa, ina jin hannuna ya yi nauyi wajen awo. Na baya kuwa duk ya tafi Agadas. Ka bari, ni da kaina zan haɗa wa Iya nata."

Ya yi dariya ya ce to. Ta shiga cikin gida ɗauko masa ruwa.

Mutum in an ce masa a'a a kan abin da bai sani ba, ya kamata ya tsaya. Zakari bai tsaya ba. Gani ya yi sabulu sabulu ne, sauran duk tsirfar masu sana'a ce.

Sai da rana ta yi sanyi Husaina ta lura da giɓi a layin katakon. Ta kira shi, waya ba ta shiga. Ta rubuta masa:

"Zakari, in kai ka ɗauka, don girman Allah kada kowa ya taɓa shi da ruwa. Kada Iya ta sa a fuska. Ka kira ni."

Saƙon ya tafi, bai isa ba. Ta sake kira, ta sake, har cajinta ya ƙare.

Washegari aka kira ta da lambar da ba ta sani ba. Muryar mace ce, tana huci.

"Ke ce Husaina? Ni ce Talatu, yayar Zakari. Me kika sa wa uwarmu a sabulu?"

"Innalillahi! Yaya Talatu, ku yi ta zuba mata ruwa mai tsabta, kada ku daina, kada ku shafa mai. Ya shiga ido? Ku kai ta asibiti yanzu!"

"Au, har kin san maganinsa? Ashe kin san abin da kika aiko."

Ta kashe.

Kafin azahar hoton fuskar Iya Kolo ya zaga wayoyin mata: kumatu sun saɓule, idon hagu ya kumbura ya rufe. Tare da hoton akwai vokal, wato saƙon murya, na Talatu, tana kiran sunan Husaina da unguwarsu, tana cewa sabulun mallaka ta aiko wa uwar saurayinta. Matan da jiya ke ce mata "hajiyata" suka yi ta ficewa daga gurup ɗinta. Wata ta rubuto, "Na zubar da naki a masai. Ki ji tsoron Allah."

Ba rushewar ciniki ce ta hana ta cin abinci ba. Idon ne. In tsohuwar nan ta makance, da wane baki za a sake zancen aure? Ga shirun Zakari. Abin da ya turo kawai shi ne, "Ki yi haƙuri, Mai ƙamshina. Zan gyara." Bai ce ya faɗa musu gaskiya ba. Nan ta gane cewa ce musu ya yi ita ta aiko.

Ba ta gaya wa mahaifinta wannan ba. Da aka sallamo Iya Kolo daga asibiti, Malam Adam ya ce, "Shirya. Abin hannunki ya cuci mutum, dole mu je mu duba."

Suka kama hanyar Droum. Gero ya yi kai a gonaki, ba ta ko gani.

Sun tarar da gidan cike da mata. Iya Kolo na zaune a kan tabarma, an rufe mata ido ɗaya da auduga, fuskarta duk ɓawon ciwo. Zakari na tsugune can jikin rumbu, kansa a ƙasa. Husaina ta durƙusa.

"Iya, ina kwana? Yaya jiki?"

"Jiki ga shi kina gani." Tsohuwar ta juya lafiyayyen idonta a kanta. "Ke kika yi sabulun nan?"

"Ni na yi, Iya."

"Me kika sa ciki?"

"Man aduwa, da man kaɗanya, da zuma, da soda. Sodar ce ba ta mutu ba. Wallahi babu komai bayan wannan."

"Kowa haka yake cewa," in ji Talatu. Ta shiga ɗaki ta fito da ragowar sabulun da ƙwaryar ruwa, ta dire gaban Husaina. "In babu asiri ciki, wanke fuskarki da shi. Nan, gabanmu."



Husaina ta dubi sabulun. Ta fi kowa sanin abin da zai yi mata. In ta ƙi, ta tabbata mai asiri. In ta ce ɗansu ne ya ɗauka bayan ta hana shi, ta mai da shi ɓarawo maƙaryaci gaban uwarsa da mahaifinta, kuma wa zai yarda da ita? Ta saci kallon rumbu. Bai ɗago ba.

"Husaina, tashi mu tafi," in ji Malam Adam daga bakin ƙofa.

Ba ta tashi ba. Ta ja mayafinta baya, ta tsoma sabulun cikin ruwa, ta murza. Kumfa ta taso, yatsunta suka fara zafi kamar ta damƙi barkono. Ta rufe ido ta ɗago hannuwan.

Ƙwaryar ce ta fara kifewa. Zakari ya riƙe mata wuyan hannu, ya fizgo tulu yana kwarara mata ruwa, yana kuka kamar yaro.

"Iya, ba ita ta aiko ba! Ni na ɗauko. Na roƙe ta ta hana ni, ta ce bai huta ba. Da ta shiga gida na sa a aljihu. Na ce miki ita ta aiko don ki so ta. Ga saƙonta a wayata, tun ranar take cewa kada a bari ki taɓa."

Talatu ta karɓi wayar ta karanta a fili. Muryarta ta yi ƙasa kafin ta kai ƙarshe.

Iya Kolo ta juya ga ɗanta. Sannan ta ce, "Kana tsugune nan, kana kallo za ta ƙone fuskarta saboda kai?"

"Tsoronki na ji, Iya."

"Tsorona. Na Allah fa?"

Malam Adam ya gyara hularsa. "Allah Ya ƙara sauƙi, Hajiya. Maganar aure kuma a bar ta. Ɗaukar abin da aka hana shi, wannan ƙuruciya ce. Amma ya ji ana yawo da sunan 'yata a duniya ya yi shiru. Ba na ba irin wannan 'ya."

Kuma yana da gaskiya. So ba ya wanke ragwanci.

Makonni suka wuce Husaina ba ta kusanci rumfar ba. Ko ƙamshin zuma ta ji sai gabanta ya faɗi. Tsoronta ya sake kama: da, tana tsoron a raba ta da Zakari ne, yanzu tana tsoron ko wanda take so ɗin bai cancanta ba. Ya turo saƙo:

"Ban isa in kira ki da sunan da na saba ba. Na bi gidajen da na san suna sayen kayanki cikin gari, na faɗa musu da bakina ni ne mai laifi. Wasu sun zage ni. Gobe zan ci gaba."

Ta karanta, ta kife wayar. Sai can ta rubuta, "Yaya idon Iya?"

"Ya buɗe. Tana gani."

Nan ta yi kukan da ta daɗe tana riƙewa.

Wata ranar kasuwa sai ga Iya Kolo da kanta a Birni, da tabo a fatar idonta, Talatu na biye da ita. Ta ƙi shiga ciki, ta zauna a zaure gaban Malam Adam.

"Malam, na san neman aure ba aikin mata ba ne, kawunnansa na nan tafe. Amma ni aka ƙona, ni zan fara magana. Ɗana ya yi abin kunya, ni na haife shi, ban ɓoye ba. Sai dai tsoron da ya rufe masa baki, ni na dasa masa shi. Yarinyar da ta yarda ta ƙone don ta rufa masa asiri, ba zan bari ta shiga wani gida ba. Ke Talatu, kunna abin nan naki."

Talatu ta danna wayar ta kara mata a baki.

"Ni ce Kolo ta Droum, mai fuskar da kuka yi ta kallo. Yarinyar nan ba ta cuce ni ba, ɗana ne da gaggawarsa. Duk wadda ta tura wancan, ta tura wannan, in tana tsoron Allah."

Malam Adam ya kira 'yarsa. "Kin ji. Ni ban sauka ba tukuna. Ke me kika ce?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ya makara. Amma ya tashi."

Malam ya sa aka jira har bayan kaka, yana lura da yaron. Ba duk masu sayen suka dawo ba. Ƙarya ta riga ta yi nisa, gyaran bai kai ko'ina ba. Amma an ɗaura auren a ƙofar gidan Malam Adam da safe, aka shafa fatiha.

Da aka kawo amarya Droum, Iya Kolo ta kama hannuwanta biyu ta daɗe tana duban yatsun. Sannan ta dubi ɗanta.

"Na karɓe ta a matsayin 'ya. Kai kuma daga yau, in an taɓa ta, kada in ji wani ya riga ka buɗe baki, ko da ni ce na taɓa ta. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai gaskiya."

Mata suka ɗauki guɗa. Ƙarƙashin mayafi Husaina ta ce amin, zuciyarta a kwance.