Haƙoran Malam Giɓi

A bakin tagar asibitin haƙori suka fara haɗuwa, bakinsa a wangame. Malamin lissafi ne. Tun da babur ya kayar da shi ya rasa haƙoran gaba biyu, ɗalibansa, masu tausayi kamar kullum, suka raɗa masa Malam Giɓi. Likita ya ce za a goge haƙoran gefe a sa musu hula, sababbin su rataya a tsakani kamar gada. Budurwar da ya haɗu da ita a bakin tagar ce mai ƙera su.

Ta riƙe haɓarsa, ta juya shi wajen haske, ta ƙura masa ido ta daɗe. Ba a taɓa kallonsa haka ba. Kafin ya rufe baki ya gama yanke shawarar aurenta.

Lambarta na jikin katin asibiti. Ya rubuta: "Hasken idona, tun jiya lissafi ya ƙi fita."

Ta amsa: "Malam, ka guji tauna ƙashi."

Bai karaya ba. Ya yi ta rubutu har amsoshin suka yi laushi, har ranar da ta kira shi "Giɓina". Shi kuwa ya je wa mahaifiyarsa da maganar aure.

"Wadda ta fara ganin ka kana dalalar da miyau?" in ji Mama. "Wane kwarjini ya rage maka? Ban yarda ba."

"Mama, ita nake so."

"To ka so ta daga nesa."

Ranar gwajin sababbin haƙoran ya shigo da sauri, sai ya hango ta a bakin tagar nan riƙe da haɓar wani dogon saurayi mai ƙamshin turare, tana yi masa irin kallon da ya ɗauka nasa ne shi kaɗai. Ya juya ya fita.

"Ina ka shiga?" ta rubuto.

"Na ga taga ta yi sabon baƙo."

"Launin haƙori nake dubawa, Giɓina. Fitila tana yi masa ƙarya, shi ya sa nake kai kowa hasken rana. Kai ma ran farko abin da na duba ke nan."

Wannan ya fi kishin ciwo.

"To yaushe kika fara duba ni?"

"Ranar da ka manta ka yi dariya ba ka rufe baki da hannu ba. Ka dawo, zuciyata. Haƙoran wucin gadin da ke bakinka ba sa jiran mai fushi."

Ya dawo. Amma ita ce ta ƙi a manna masa sababbin haƙoran. Ta ce sun yi kyau da yawa, kamar na talla, ba su yi kama da shi ba. Ta sa su a ƙaramin akwati, ta ce ya kai ta gida wajen Mama.

"Za ta kore ki fa."

"Sai na sake dawowa."

Ta durƙusa ta gaida Mama, aka amsa mata da ƙyar. Ta buɗe akwatin.

"Mama, ban san shi da haƙoransa ba, a hotunansa ma ba ya murmushi. Ke kaɗai kika san yadda suke."

Mama ta yi niyyar yin shiru, amma ba uwar da za ta ga an kuskure ɗanta ta ƙyale. Ta jawo akwatin, ta sa tabarau.

"Wannan ai na ɗan wani ne. Na hagun ya ɗan hau kan ɗan'uwansa, irin na marigayi babansa. Kuma ba su kai haka fari ba, yaron nan shayi ya raine shi."

"Haba Mama!"

"Rufe mana baki, aiki muke yi."

Aka sake ƙerawa, Mama ta ƙi. Aka kuma. Da aka gwada na ƙarshe ta zo asibitin da kanta, ta ce ya yi murmushi. Ya yi. Ta kau da kai tana gyara mayafi, ta daɗe ba ta juyo ba.

"'Yata," ta ce, "ki faɗa wa iyayenki muna nan tafe."

Ranar ɗaurin aure ango ya yi ta yashe baki har mai hoto ya roƙe shi ya rage. Mama ta haɗa hannuwansu cikin nata.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ki riƙe mini shi da kyau, ba ni da wani."

Amarya ta sunkuyar da kai ta ce, "Amin, Mama."