Ranar da Mareta Ta Ɗaga Kai

"Wai har kin amince?" Aleki ya dire kwandon gwaza a bakin murhu yana kallon matarsa. "Mama ta ce bayan Lahadin Yara za a kai Fua birnin Okland, can ƙetaren teku, wurin yayata, ke kuma kika ce to!"

Mareta ta ci gaba da kankare kwakwa, kanta a sunkuye.

"Me zan ce, masoyi? Malama ta ce ba ta magana a aji, ko ƙawa ɗaya ba ta da ita. Ni da na tsaya a aji biyar, me zan koya mata?"

"'Yarmu ce fa, Mareta... ita kaɗai gare mu."

"Shi ya sa. Can za ta samu wadda ta iya."

Ita dai Mareta haka Allah ya yi ta. Tun da ta haifi Fua shekara bakwai da suka wuce, ko zazzaɓi ne sai ta ruga wurin surukarta, Mama Sieni. In yarinyar ta yi tambaya, amsa ɗaya ce: je ki tambayi kakarki. Son 'yar kamar ta haɗiye ta, amma kullum gani take ba ta isa ba.

Aleki ya tsugunna, ya karɓe kwakwar daga hannunta.

"Jiya na laɓe na ji ta tana karanta wa kaji ayar da za ta karanta a majami'a ranar Lahadin Yara, tiryan-tiryan. Ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba, zuciyata. Kafin ta buɗe baki fuskarki take dubawa, ke kuma ƙasa kike kallo."

Maganar ta soke ta, har ta kasa cin abincin rana.

Ranar Lahadin Yara majami'ar ƙauyen ta cika maƙil. Yara duk cikin fararen kaya, kowanne zai fito ya karanta ayar da ya haddace. Da aka kira Fua, ta fito tana murza bakin rigarta. Ta yi layi ɗaya, sai ta tsaya cak.

Shiru... wani ya yi tari, yara suka fara ƙus-ƙus.

Idon Fua ya tsallake kakarta, ya tsallake babanta, ya sauka kan uwarta. Wuyan Mareta har ya fara lanƙwasa yadda ya saba. Sai ta daure ta ɗaga kai, ta yi murmushi, ta faɗi kalmar da ke gaba da ƙarfi. Ashe duk kwanakin nan ita ma ta haddace ayar a bakin murhu!

Fua ta cafke. Ta yi tuntuɓe sau biyu, amma ta kai ƙarshe, muryarta har bakin ƙofa.

A gida, bisa al'adar wannan rana, yara ne manya, su ake fara zuba wa abinci iyaye na hidima. Mareta na durƙushe tana ɓare wa Fua ganyen gwaza mai madarar kwakwa, sai Mama Sieni ta gyara zama a tabarma.

"To, kun dai gani. Sai da aka tuna mata. A Okland za su gyara mata baki."

"Mama, ki gafarce ni," in ji Mareta. "Fua ba za ta je ba. Gobe ni zan raka ta makaranta in ga malamar da kaina. Abin da ban sani ba, mu koya tare."

Aleki ya ƙame da tulun ruwa a hannu. Tsohuwar ta kalli surukarta, ta taɓe baki.

"Oho, ashe akwai harshe a bakin nan! To ki riƙe abarki, dama gwiwoyina sun gaji da zaman uwa."

Ta juya tana fifita, amma Mareta ta ga ta share ido da gefen zane.

Fua ta jawo hannun uwarta, bakinta dumu-dumu da kwakwa.

"Mama, me ya sa ruwan teku yake da gishiri?"

Mareta ta buɗe baki, sunan kaka na kan harshenta. Ta haɗiye shi.

"Ban sani ba, 'yar lelena. Matso nan, faɗa min naki tunanin tukuna."