Motar da Ta Fi Ƙofa Tsawo

Sunan yarinyar ya ɓace mini. Na yi ta nemansa a kaina, bai zo ba. Launin motar ma na manta. Wani lokaci nakan tuna ta koriya, wani lokaci ruwan toka. Amma sauran labarin yana nan, kuma zan ba ku shi.

A unguwar Tishigu ne, cikin garin Tamale, a shekarar da Ghana ta sami 'yancin kai. Yarinyar tana aji huɗu. Mahaifinta, Malam Abdulwahabu, direba ne. Yana da babbar mota, irin mai shiga daji. Da ita yake kai mutane ƙauyuka, ya dawo da doya da man kaɗe.

Motar tana da matsala ɗaya. Cikinta yana kusa da ƙasa. Kowane kututture a hanya sai ya kankare ta.

"Zan ɗaga ta," in ji Baba. "Zan ƙara ƙarafa a sifirin, in sa mata manyan tayoyi."

Sifirin shi ne ƙarafan nan na ƙarƙashi, waɗanda jikin mota yake zaune a kansu.

A makon nan ne Malama Sahada, malamar ajinsu, ta zo gidan da roƙo. Ranar 'yanci, tana so motar ta kai 'yan ajinta filin fareti. Yarinyar ce za ta riƙe sabuwar tuta a gaban layi. Baba ya ce ya ji, ya yarda.

A tsakar gida yake aikin. Gidan yana da ƙofa mai faɗi, da wani katako mai kauri a samanta. Wata safiya, yana kwance ƙarƙashin mota, ya kira 'yarsa.

"Ɗauki karan dawa dogo. Ki hau turmi, ki auna ƙofar nan daga ƙasa zuwa katako. Ki yanke shi daidai. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

Ta auna da kyau, ta yanke. Sai ta ji ƙawayenta a waje suna koyon maci. Ta jingina karan a bakin kicin, ta fita da gudu.

Da ta dawo, babu kara. Ta tambayi mahaifiyarta.

"Mma, ina karan da na ajiye a nan?"

"Wanne? Ga shi can ƙarƙashin tukunyar koko."

Ya riga ya zama toka. Yarinyar ta dubi ƙofa, ta dubi turmin. Turmin yana da nauyi, ita kuwa ta gaji. Ta zaro wani kara, ta dube shi da ido, ta yanke.

"Ai kusan ɗaya ne," ta ce a ranta.

Baba ya karɓa. Ya tsayar da karan a jikin mota, ya yi alama da gawayi daidai rufinta. Abin da ya rage a sama taƙi biyu ne, wato buɗin tafin hannu sau biyu.

"Madalla! Wuri yana da yawa."

Bayan la'asar suka tafi shagon Sidiki mai taya, abokin Baba tun suna yara. Sidiki ya mirgino tayoyi iri uku. Akwai ƙarama, da matsakaiciya, da wata ƙatuwa mai manyan haƙora.

"Ɗauki ta tsakiya," in ji Sidiki. "Ta ishe ka."

"Babbar nake so. Huɗu, da ƙarafansu."

"Abdulwahabu, mota kake gyarawa ko raƙumi? Za ta fita daga gidanka kuwa?"

Baba ya ɗaga karan. "Ga awo a hannu. 'Yata ce ta auna, kuma 'yar makaranta ce. Ko ba haka ba, uwata?"

Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Maganar ta zo mata har baki. Ta haɗiye ta.

"Haka ne, Baba."

Kwana uku ana aiki. Motar ta tashi sama. Sai an taka dutse ake hawanta.

Ranar 'yanci ta zo. Tun da safe 'yan aji suka taru a ƙofar gida cikin fararen riguna. Malama Sahada tana riƙe da tuta a naɗe. Maƙwabta sun fito kallo. Sidiki ma ya zo da sabuwar hula.

Baba ya tayar da mota. Ya yi ham sau biyu, ya nufi ƙofa yana murmushi.

Gwaram!

Rufin motar ya daki katako. Bango ya girgiza. Ƙasa ta zubo, kaji suka watse. Wata ƙaramar yarinya ta fashe da kuka.

"Innalillahi!" in ji Mma, hannu biyu a ka.

Baba ya ja da baya, ya sauko. Gaban rufin ya lotsa. Katakon ya tsage. Ya daɗe yana kallo, bakinsa a buɗe. Sai ya juya kan Sidiki.

"Ba waɗannan tayoyin na zaɓa ba! Ka canja mini su!"

"Ni? Abdulwahabu, ni kake faɗa wa haka?"

"To, waye? Na auna komai!"

"Shekara talatin muna cin tuwo a kwano ɗaya," in ji Sidiki. Ya juya zai tafi.

Daga nesa ana jin ganguna sun fara. Yarinyar ta dubi 'yan ajinsu. Ta dubi bayan Sidiki.

"Baba Sidiki, tsaya! Ni ce."

Kowa ya juyo.

"Karan da na auna ya ƙone. Wanda na ba Baba, da ido na yanke shi. Ban koma ƙofa ba."

Baba ya dube ta.

"Da ido?" in ji Baba a hankali. "Kuma na tambaye ki a shago?"

"Ka tambaye ni. Na ji tsoro."

Baba bai ɗaga hannu ba. Ya taka har gaban Sidiki, ya cire hularsa. "Ka yafe mini, ɗan'uwa. Bakina ya riga hankalina."

Sidiki ya yi ajiyar zuciya. "Ai na ce maka raƙumi ne."

Aka sake aunawa, da igiya wannan karon. Motar ta fi ƙofa da yatsa huɗu. A rage iskar taya? Famfon mayar da iska yana can shago, lokaci ba zai isa ba.

"A haƙa ƙasa," in ji Baba. Ya miƙa wa 'yarsa fartanya. "Ke za ki fara."

Ta durƙusa a bakin ƙofa. Ƙasar ta yi tauri. Ta yi ta sara, gumi yana zuba, jar ƙasa tana fantsama a farar rigarta. Can Baba da Sidiki suka sa hannu. Aka sami yatsa biyu, sai aka ci karo da dutse.

Wata maƙwabciya, Mma Azeta mai man kaɗe, tana tsaye a gefe. Mace ce mai jiki sosai.

"Ku matsa," ta ce. "Ba idan an yi wa mota lodi takan zauna ba? Kullum kuna cewa in rage tuwo. Yau tuwon nan zai yi rana!"

Ta kira matan unguwa. Mutum biyu suka tura ta sama. Mata takwas suka bi ta, ana ta dariya. Aka ƙara buhun masara uku. Sifirin ya yi ƙara, motar ta sauka ƙasa kaɗan.

Baba ya ja a hankali. Rufin ya wuce ƙarƙashin katako, ko takarda da ƙyar za ta shiga tsakani. Yara suka yi ihu. Matan suka sauka, yara suka hau.

Sun isa fili ana shirin fara maci. Malama Sahada ta dubi rigar yarinyar, ta girgiza kai.

"Ba za ki riƙe tuta da wannan riga ba. Koma layin baya."

"To, Malama."

"Amma na ji abin da kika faɗa a gaban mutane. Ba kowa ne zai iya ba."

A layin baya ta yi macinta. Duk da haka zuciyarta wasai. Da ta waiga, ta hango Baba da Sidiki a kan motar, suna cin gyaɗa tare.

Yarana, ga darasin. Idan an ba ku aiki, ku yi shi daidai, kada ku ce ai kusan ɗaya ne. Idan kuma ya ɓaci, ku faɗa da wuri, tun kafin laifin ya hau kan wani.

Akwai abu ɗaya da na yi shakka a kansa, sai na tambayi jikan Sidiki, ya tabbatar mini. Ramin nan na bakin ƙofa, ruwan sama yakan taru a cikinsa. Damina uku yarinyar tana kwashe shi da ƙwarya, ba tare da an sa ta ba, har aka ɗaga katakon.