Jinin Baƙuwa

Tun da likita ya ce 'Yar Lele tana da ciwon suga, kakarta Inna ta ware mata kofi da cokali, sai ka ce yarinyar annoba ta kwaso. Abin nan na ƙona wa uwar yarinyar rai. Ta daɗe a gidan nan, amma dangin miji Baƙuwa suke ce mata, don kawai iyayenta wani yare suke ji.

"Mu dai kaf zuri'armu babu wannan ƙazanta," in ji Inna, tana yatsina fuska ga kwalbar insulin, allurar sugan yarinyar, da ke cikin firij. "Jininsu ne. Ka sallame ta kafin ta cika maka gida da 'yan allura."

Mijin, direban motar makaranta, ya sunkuyar da kai. "Inna, a bar maganar."

Iyakar abin da ya iya ke nan. Baƙuwa tana son mutumin nan, amma sanyinsa ya fi zagin ci mata rai.

Wata Asabar yarinyar na wasa a falo sai ta kama rawar jiki, gumi ya jiƙe ta sharkaf. Baƙuwa ta gane suganta ne ya faɗi. Ta ruga ta dama sukari a ruwa, Inna ta fizge kofin.

"Suga ke cin ta, ki ƙara mata suga? A gabana za ki ƙarasa ta?"

"Inna, don Allah. Ƙasa ya yi, ba sama ba."

Inna ta sheƙar da shi ta taga. Baƙuwa ta fashe da kuka. Sai ga mijin da wani kofin a hannu.

"Inna, matsa."

Bai taɓa gaya mata haka ba. Shi ya tallafe 'yarsa ya ba ta, har ta dawo hayyacinta.

A asibiti ma Inna ba ta ji kunya ba. "Likita, gaya masa gaskiya. Ba daga dangin uwarta ba ne?"

"Mama, wannan ba sugan manya ba ne," in ji likitar. "Garkuwar jikinta ce ta juya ta lalata inda ake yin insulin. Ana gadon saurin kamuwa, kuma wasu al'ummu sun fi wasu. Amma sau da yawa uwa da uba ke haɗuwa su bayar. Kada ki cire ɗanki."

"Wato har da ni?"

"Zai yiwu."

Mijin ya dubi mahaifiyarsa. "Ko daga matata kaɗai ne, Inna, ba zan sake ta ba."

Inna ba ta ba da haƙuri ba, irinsu ba sa bayarwa. Amma yanzu jakarta ba ta rabuwa da alawa, kuma ko hamma yarinyar ta yi sai ta ce, "Ko ya faɗi ne?"

Haƙurin Baƙuwa ya riƙe mata aurenta. Mai ƙyamar jinin jikarsa kuwa, ya tuna nasa ma yana gudana a jikinta.