Murhun Ranar Asabar

Gurasar tana nan rataye a bangon ɗakin mahaifiyarsa, naɗe da farin ƙyalle, ta bushe ƙarau kamar katako. Ga shatin haƙoran Behruz a gefenta, tun ranar da ya gatsa zai tafi Koriya neman aiki, don rabon da ya bari a Bukhara ya jawo shi gida. Yau da ya dawo, mahaifiyar tasa, wadda suke kira Oyi, ta sauko da ita tana hawaye, ta jiƙa masa a shayi.

"Cinye rabonka, Behruzjon. Yawon duniyar nan ya isa haka."

Ya yi dariya. "Ya isa, Oyi! Sai ku gaya mini ranar da za a je gidan su Nigina a karya gurasar baiko. Shekarun nan duk ni take jira."

Ƙanwarsa Shahlo, 'yar shekara sha huɗu, ta turo baki ta fice. Yayarsa Feruza ta dangwarar da butar shayi.

"Wace Niginar? Malamar da ta tozarta ƙanwarka a gaban aji saboda Bayahudiya?"

A hankali ya tsinci zancen. Mazol, jikar tsohuwa Burho maƙwabciyarsu, ajinsu ɗaya da Shahlo. Ranar Asabar takan zo makaranta ta saurari darasi, amma ba ta rubutu, don addininsu ya hana. Wata Asabar su Shahlo suka danne ta, suka ɗaure mata biro a yatsu da zare, suna jan hannunta a kan takarda suna shewa: "Rubuta mana mu ga ko sama za ta faɗo!" Nigina ce malamar ajin. Ta sa Shahlo ta tsaya gaban kowa ta ba da haƙuri, sannan ta aika a kira iyaye.

"Wasan yara ne fa kawai!" in ji Feruza. "Tun ba ta shigo gidan ba ta fifita bare a kan dangin miji — ina ga ta shigo?"

Oyi ta share ido da bakin ɗankwali. "Sai Nigina ta zo ta roƙi Shahlo gafara. In ba haka ba, ba gurasar da za a karya."

Washegari Behruz ya tare Nigina a ƙofar makaranta. Da ta hango shi fuskarta ta washe, sai da ya buɗe baki murmushin ya ɓace.

"Nigina, kalma ɗaya ce. Ki ce 'yi haƙuri', shi ke nan, a wuce wurin."

"Yaya Behruz, ka ga yatsun yarinyar nan kuwa? Sai da zaren ya yanke ta."

"Ni ina ruwana da yatsunta? Aurenmu nake magana!"

"Ni ma shi nake tunani dare da rana," ta ce. "Amma in na ba Shahlo haƙuri yau, gobe da wane baki zan tsaya gaban ajin nan? Duk sun zuba ido su ga ko abin da aka yi wa Mazol laifi ne ko wasa. Na jira ka shekaru, zan ƙara jira. Wannan kam ba zan iya ba."

Ya juya a fusace. Makonni suka shuɗe bai neme ta ba, bai kuma ce wa Oyi uffan ba. Kullum yana gidan shayi yana duba kuɗin jirgi a waya, zuciyarsa na raya masa ya koma inda ya fito kowa ya huta.

Wata Asabar da safe, ƙanƙara ta rufe lungun, ya fito ya ga Burho tsaye bakin ƙofarta, ta cusa hannuwa cikin hannun riga. Ta tsufa fiye da yadda ya bar ta. Ta dube shi, ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali:

"Yau akwai sanyi, Behruzjon."

Tun yana ƙarami ya san wannan magana. Yahudawa ba sa kunna wuta ranar Asabar, ba sa kuma cewa kai tsaye a kunna musu. Sai dai tsohuwar ta leƙo ta ce akwai sanyi, Oyi ta yafa mayafi ta tsallaka ta hura mata murhu, ta dawo da kwanon shinkafar da ta kwana a garwashi, su yi ta wawaso.

Ya shiga ya durƙusa gaban murhun. Toka sanyi ƙalau. Da wutar ta kama ya ɗago, sai ya ga ƙullin kaya jere a bango, ga Mazol a lungu ƙudundune cikin bargo.

"Burho hola, gwaggona, kayan mene ne wannan?"

"Ɗana ya aiko mana, za mu bi shi Amurka." Ta yi ɗan murmushi. "Ni burina a binne ni kusa da mijina. Amma yarinyar nan kullum sai ta yi amai kafin ta tafi makaranta. Yanzu ba zare suke ɗaura mata ba, magana ce ba mai yi mata. Sai malamarta kaɗai, Allah ya yi mata albarka."

Bai san lokacin da ya isa gida ba.

"Oyi, yaushe rabonki da murhun Burho hola?"

Oyi ta kau da kai. "Tun rigimar nan..."

"Tsohuwar da ta kwana bakwai a ɗakin nan tana riƙe da ke lokacin da Baba ya rasu? Ita ce ke tsaye cikin ƙanƙara tana jiran mai wucewa! Sun ɗaure kaya, Oyi — tafiya za su yi!"

Feruza ta buɗe baki, Oyi ta daka mata tsawa: "Rufe mini baki!" Sai Oyi ta fashe da kuka, ta figi hannun Shahlo zuwa gidan Burho ko takalmin kirki ba ta saka ba. A wannan karon ba malama ce ta sa Shahlo ba da haƙuri ba. Ta ga tabon zaren a yatsun Mazol, ta durƙushe tana shessheƙa.

An yafe, amma an riga an sayar da gidan Burho.

Oyi da kanta ta ɗauki gurasa biyu masu zafi zuwa gidan su Nigina, ta rungume ta ta ce, "'Yata, mu ne masu neman gafara." Aka karya gurasa, aka sa rana. Haƙurin Nigina bai faɗi ƙasa banza ba, ta sami mijinta ba tare da ta sayar da gaskiya ba.

Sai dai ranar biki babu Burho a cikin tsofaffin unguwa, kujerar Mazol kuma tana nan wayam a aji. Shahlo ce ke goge ta kowace safiya, ita ce kuma ke fara tsawatarwa in an taso wani yaro a gaba. Behruz bai sake zancen tafiya ba. Amma duk Asabar ɗin hunturu in ya wuce ƙofar nan mai kwaɗo, sai ya ji sanyin har cikin ƙashinsa, yana cewa da ma ya buɗe baki tun ranar farko.

Abin da manya suka kira wasan yara, shi yake korar maƙwabci daga gari. Wanda kuwa ya ga zalunci ya yi shiru don a zauna lafiya, ya sani da shi aka ɗaura zaren.