Ƙwayoyin Da Hamdiyya Ta Ɓoye

Muttaka yana tsugune a bakin ɗaki yana wanke hannu, Hamdiyya ta ajiye masa tuwon dawa da miyar kuka, ta koma gefe ta jawo ɗan kwanon kwaɗon zogale. Sati biyu ke nan rabon da ya ga ta ci tuwon kirki. Da ya tambaya sai ta ce ranta ne ba ya so. Ya kafa mata ido, ta kawar da kai tana ƙara jan mayafi ƙarƙashin haɓarta, duk da zafin da ake zubawa.

Shekararsu biyu da aure. A Ruwan Bago ya ganta, ranar da ya je sayen irin gyaɗa wajen mahaifinta Malam Barau, kuma tun daga ranar mashin ɗinsa ya san hanyar nan fiye da hanyar gona. Auren so aka yi, ya kawo ta gidansu a Tudun Kaya, mahaifiyarsa Inna Mariya ta karɓe ta hannu bibbiyu.

Sau biyu Hamdiyya tana ɓatan wata. Na farko wata uku, na biyu wata huɗu cur. Ta yi ƙiba, jikinta ya yi nauyi, Inna ta hana ta daka da ɗaukar ruwa, har tana dama mata kunun gyaɗa da hannunta. Duka biyun jini ne ya ɓalle kamar ba zai tsaya ba. Aka ce ɓari ne, aka yi jaje. Bayan na biyun ta je gida hutawa na kwana goma, kuma tun da ta dawo Muttaka ya rasa gane kanta. Ta daina raha. Takan rufe ƙofa ta daɗe gaban madubi. Da yamma sai ta yi ta zagaya bayan rumbuna ita kaɗai, tana tafiya da sauri kamar wadda aka aika. Idan wayarta ta yi ƙara bayan la'asar, sai ta faki idonsa ta shige ɗaki.

Wata Laraba yana neman katinsa na ɗan ƙasa don rajistar taki, ya buɗe kwallar da ke can ƙasan jere. A ƙarƙashin tsummokara ya tarar da kwalin magani, ƙwayoyi ƙanana a jere, an rubuta ranaku a gefensu, an ɓalle fiye da rabi. Ya sa a aljihu ya hau mashin sai Karaye, ya miƙa wa wani mai kemis. Mutumin ya juya kwalin sau ɗaya ya ce ai wannan maganin hana ɗaukar ciki ne.

A hanyar dawowa duk abin da ya gani cikin watannin nan ya haɗu masa wuri ɗaya. Ashe ba ɓari ba ne. Ashe ita take zubarwa, yanzu kuma ta toshe hanyar gaba ɗaya. Ko tana da wani a can Rogo, kusa da garinsu? Ko ƙauyen ne ba ta so? Da ya iso, ɗakin Inna ya fara shiga. Tsohuwa ta saurara, ta yi salati, hawaye suka zubo mata. Ta ce jikokinta biyu aka salwantar tana nan tana dama kunu.

Ya sami Hamdiyya tana tankaɗe. Ya jefa kwalin a kan faifai.

"Wannan naki ne?"

"Nawa ne, Yaya. Amma don Allah ka tsaya ka ji..."

"Na ji abin da zan ji a Karaye. Ki tafi gidanku, sai na neme ki."

Ta buɗe baki, ta hango Inna tsaye a tsakar gida da matan maƙwabta biyu, sai ta rufe. Ta haɗa 'yan kayanta tana kuka mara sauti, ta fita.

Kwana tara Muttaka yana kai-kawo tsakanin gona da gida ba ya sanin abin da yake yi. Magana ta bazu a unguwa. Inna ta ce ya rubuta takarda kowa ya huta. Sau uku yana ɗaukar biro yana ajiyewa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kukan da Hamdiyya ta yi ranar ɓari na biyu, ta riƙe hannunsa tana ba shi haƙuri. Ya kasa yarda cewa mutum zai iya ƙirƙirar irin wannan kukan. A rana ta goma ya kama hanyar Ruwan Bago.

Malam Barau ya karɓe shi a zaure, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Inna da damina da mutanen Tudun Kaya. Sannan ya saurari ƙorafin har ƙarshe bai katse shi ba.

"Muttaka, ka tambayi mai kemis, ka tambayi mahaifiyarka. Ita mai maganin fa, ka bar ta ta kai ƙarshen maganarta?"

Muttaka ya sunkuyar da kai. Malam ya ce shi ba likita ba ne, ba zai yi bayanin abin da bai karanta ba. Gobe ranar komawarta asibiti ce a Rogo, inda aka kai ta lokacin da ta zo gida hutawa, ya ɗauki matarsa su je tare.

Likita Zaituna ta buɗe fayil ta fito da hoton sikanin, ta nuna masa wasu ƙananan ɗigo-ɗigo. Ta ce larurar sunanta PCOS, kuma mata da yawa suna da ita ba su sani ba. Sinadaran jikin mace ne suke rikicewa, ƙwai ya fara girma ya kasa nuna, al'ada ta yi watanni ba ta zo ba, in ta zo ta zo da yawa. Ita ke kawo ƙiba, da ƙuraje, da baƙi a wuya, da gashi a haɓa. Ta ce gwajin da aka yi a zuwan Hamdiyya na farko bai nuna alamar ciki ba, kuma da wuya in na baya ma ciki ne. Ƙwayoyin nan ita ta rubuta su na wata uku, don jinin ya daidaita, kafin a fara maganin da zai taimaka ƙwai ya nuna. Ita ce kuma ta ce a rage tuwo da zaƙi, a riƙa tafiya kullum. Ƙarar wayar ma ita ta saita mata don kada ta manta lokacin shan magani. Larurar ba ta warkewa ɗungurungum, amma ana zama da ita lafiya, kuma da yawa suna haihuwa.

A ƙarƙashin wata darbejiya a harabar asibitin, Muttaka ya tambayi Hamdiyya me ya sa ta ɓoye masa. Ta sassauta mayafin, ya ga 'yan gasun da take tsigewa kullum.

"Kunya nake ji ka ga wannan. Kuma na ji tsoro, Yaya. Likita ta ce haihuwa za ta iya jinkiri, na ce in Inna ta ji, juya za a kira ni."

"Ni kuma na kira ki abin da ya fi wannan muni a zuciyata. Ki yafe mini, Hamdiyya."

Ta ce ta yafe, shi ma ya yafe mata ɓoyon da ta yi.

Inna ba ta sauko nan take ba. Ta ce likitocin zamani ba abin da ba sa iya faɗa. Muttaka bai yi musu da ita ba, sai da ranar asibiti ta zagayo ya roƙe ta ta raka su. Ta ji da kunnenta. Washegari ta bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya tana warware abin da ta faɗa, sannan ta kira surukarta ta nemi gafara.

Ba a kwana ɗaya abin ya zo ba. An yi watannin da magani bai yi aiki ba, Hamdiyya ta yi kuka, Muttaka ya lallashe ta suka koma asibiti. Sai bayan shekara ɗaya da wata bakwai gwaji ya nuna ciki na gaske, aka bi shi da awo har ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace aka sa mata Mas'uda. Har yau Hamdiyya tana kula da abincinta, tana zuwa asibiti, wani watan al'adar ta zo wani ta ƙi, amma ba ta ƙara ɗaukar nauyin ita kaɗai ba.

Ɓatan wata ba kullum ne ciki ba, kuma larura ba abin kunya ba ce. Mace ta faɗa wa mijinta abin da ke damunta, miji kuma ya saurari matarsa har ta gama kafin ya kai maganarta waje. Zargi ya kusa raba Muttaka da Hamdiyya cikin yini ɗaya, haƙuri da neman sani ne suka mayar musu da gidansu.