Ƙofar da Ta Tona Asiri

A shagon da ake yanka ƙarfe da inji Auta ta fara ganinsa, ranar da ta raka Baba odar sabuwar ƙofar gida. Shi ne mai zanen shagon, yana gaban kwamfuta, ya zana ganye ɗaya tak, ya danna, sai ganyen ya maimaita kansa har ya zagaye ya zama fure.

"Wannan ai aikin malalata ne," in ji ta.

"Na farkon ne wahala, ranki ya daɗe. Duk abin da ke jikinsa, sauran sai sun ɗauka."

Kafin wata ya ƙare ta zama "Autata" a wayarsa. Da ya nemi aurenta kuwa, Baba ya ce sam, ɗan amininsa likita ya riga shi magana.

Ranar da aka kafa ƙofar, unguwa ta taru ana dariya. A jikin kowane ganye, zagaye da furen, inji ya huda: AUTATA.

Masu cewa kwamfuta ba ta kuskure ba su faɗi sauran ba. Wautar da aka ba ta take maimaitawa, ba ragi.

Auta ta shige ɗaki, ta rubuta wa mai zanen a waya: "Ka mai da ni allon talla! Har mai gyaran takalmi Autata yake ce min."

Amsa ta zo: "Wallahi a ganyen farko na rubuta don ni kaɗai in riƙa kallo. Na manta ban goge ba. Ki yafe, Autata."

"Kar ka ƙara kira na haka!"

Likita ya zo da yamma, ya karanta ƙofar daga cikin mota, ya juya ko sallama babu. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Mai zanen kuwa ya iso da injin yanka a kafaɗa, ya durƙusa. "Baba, laifina ne. A bar ni in cire."

"Ka cire daga ƙarfe, daga bakin mutane fa?" Baba ya daka masa tsawa.

"Baba," in ji Auta daga bayan labule, "wancan rubutu kawai ya gani ya gudu. Wannan ya san kana fushi, ya zo."

Baba ya daɗe yana kallon furen. "Ajiye injin. Turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure Baba ya haɗa hannuwansu. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Amma ƙofar gidanku, ita za ta zana."